Laifina Na Ce Ba A Sani Ba

Zuwa ga Mai girma Sufeton da ya zauna a bayan ajina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne malamin fiziks da rahotonka ya sa aka yi wa canjin wurin aiki daga Maraɗi. Tun da takardar ta zo na kasa zaune na kasa tsaye.

Na ɗaya, abin da ya faru. Ɗalibata Rabi, 'yar Jiratawa, ta tambayi mene ne ya fi yawa a sararin samaniya. Na ce wani abu ne da ba a gani, sai dai nauyinsa da ke riƙe da taurari. Na ce akwai ƙwayoyin niyutirino iri uku da ke ratsa jikinmu kamar ruwa a kwando, kuma wasu gwaje-gwaje sun sa ana zaton akwai na huɗu, mai suna siteril, wanda ba ya hulɗa da komai sai ta nauyi. Ta ce, shi ne abin nan da ba a gani? Na ce ba a sani ba.

Na biyu, ka rubuta cewa malamin da ke faɗin haka gaban yara ba ya riƙe aji. Ranka ya daɗe, masanan da ke da na'urori a ƙarƙashin duwatsu ma ba su sani ba. Ni da alli zan riga su? Na gane zamanin kaki ne, kowa amsa yake bayarwa a ƙame. Amma gaskiya ba ta sara wa kowa.

Na uku, mahaifiyata tana Tsibiri, ba ta gani sosai, geronta ya bushe tun bai yi kai ba. Ni ke kai mata awo a babur. In na tafi, wa zai kai? Wannan ne ke hana ni sukuni, ga 'yan ajina jarrabawar bak, ta kammala sakandare, na tafe.

Roƙona ka janye rahoton, ko a bar ni har kaka. Jiya tsohuwa ta tambaye ni yaushe ruwa zai sauka. Na ba ta amsar da na ba Rabi, ba ta kore ni ba. In kai ka sani, don Allah aiko mana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Malam Isufu, unguwar Zariya, Maraɗi