Ƙafafun Bayan Doki

Litinin, 9 ga Oktoba
An raba wa 'yan aji huɗu matsayi a wasan kwaikwayon makaranta. Dokarsu ita ce duk yaron da ya zo gwaji sai ya samu wani abu. 'Yata Corinne ta samu bayan doki. Ba dokin ba ma, bayansa! Wata Odessa ce kan. Yarinyata da tun dawowarmu garin Duluth ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba, ita za a lulluɓe da bargo. Amma ta shigo gida tana tsalle. Ban gane ba.

Talata, 10 ga Oktoba
Mijina Glenn ya ce, "Renee, ki bar yarinya da ƙafafunta mana. Ni bishiya na fito ina yaro, ga ni ban mutu ba." Shi komai wasa ne. Na aika wa malamarsu, Misis Halvorsen, saƙo. Da ladabi na rubuta, ina jin.

Alhamis, 12 ga Oktoba
An mayar da Corinne mai sayar da burodi, har da jimla guda da za ta faɗa. Na gaya mata da murnata. Ta ce, "To."

Laraba, 25 ga Oktoba
Na je ɗaukarta, na tarar ba su gama atisaye ba. Doki na ta tangaɗi, dariya na fitowa daga ƙarƙashin bargon, malama na cewa, "Doki, a rufe baki!" Wata yarinya ce yanzu a baya. Corinne na gefe ita kaɗai da kwandonta, idonta a kansu.
A mota na tambaye ta me ake yi a ciki haka. Ta ce, "Hira. A ciki ba mai kallonki, Mama."
To ba a gan ta ɗin nake nema mata ba?

Asabar, 4 ga Nuwamba
An yi bikin ranar haihuwar Odessa. Ba a gayyaci Corinne ba. A bakin wata uwa na ji.

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na cire kunya na roƙi malama ta mayar da Corinne bayan doki. Ta ce, "In cire waccan in ce mata me?" Bakin alƙalami ya bushe.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
An yi wasa. Ta faɗi jimlarta tar, har kujerun baya sun ji. Na yi tafi har tafina ya yi zafi. Da muka fito na miƙa mata furanni, ta karɓa, ta ɗago kai ta ce, "Yanzu kin ji daɗi, Mama?"
Ba da gatse ba. Da gaske take tambaya. Gara ma a ce gatsen ne.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Har yanzu ina ganin bai dace a sa ɗan mutum bayan doki ba. Na dai kira uwar Odessa, na ce ko za ta bar ta ta zo mana ranar Asabar. Ban gaya wa Glenn ba. Ta ce za ta tambaye ta.