Ban Ɓoye Tiyata Ba, Aikin Wanzami Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Masu Neman Zama Hafsoshin Sojan Sama,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Na je ƙofar sansani, masu gadi suka gaya mini cikin mutunci cewa ba a karɓar koke a wurin, ni kuma ban san wata ƙofar ba.

Sunana Mu'azzam, haifaffen Kawo. Lissafi na karanta a jami'a, da na gama na kama koyarwa a wata makaranta a Kurmin Mashi. Da aka buɗe ɗaukar masu digiri, na ajiye alli da yardar mahaifina, duk da na san ba kowane hafsa ake ba tuƙin jirgi ba. Shekaruna sun zo bakin iyakar da kuka gindaya. In wannan ta wuce ni, babu wata.

Na farko, ba tsananinku nake kuka da shi ba. Mu 'yan Kawo da ƙarar jiragen horo muka tashi, amma ban taɓa ganin ɗaya a ƙasa ba sai ranar gwajin lafiya. Muna kan layi na hango wani matuƙi, da kaɗan zai girme ni, yana zagaya jirginsa a natse. Ya shafa fiffike, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓa taya, sannan ya hau. Da jirgin ya ɗaga, a ƙirjina na ji ƙarar, ba a kunne ba. Na tsaya baki buɗe har sai da wani saje ya daka mini tsawa ya ce in kallo na zo yi, tashar Kawo ta fi kusa da gida. A ciki kuma aka auna tsawona a zaune, aka auna cinyata, aka rufe ni a wani ɗaki mai shirun da har bugun zuciyata nake ji, don a gwada kunnena. Ban taɓa shiga wurin da ake duba ɗan Adam da irin wannan kula ba. Wallahi ƙara son aikin na yi.

Na biyu, ga abin da ya faru. Likita ya tambaye ni ko an taɓa yi mini tiyata. Na ce a'a. Ya danne harshena da ɗan katako, ya haska, ya kira abokin aikinsa. Suka ce ba ni da belu, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen baki, kuma da gani yanke shi aka yi. Aka rubuta cewa na ɓoye aikin da aka yi mini, aka ce in fita daga layi. Ranka ya daɗe, ban taɓa leƙa maƙogwaron kowa ba, balle in san nawa ya bambanta.

Na uku, da na koma gida na tambayi mahaifiyata. Dariya ta fara yi, ta ce ai a da kowa an cire masa, har ita, har mahaifina. Wanzamin gidanmu ne ya cire tun kafin ranar suna, kakata tana riƙe da ni, don a lokacin ana ganin belu na hana jariri shan nono. Wanzamin ya rasu, kakata ta rasu, babu kati, babu asibitin da zan je in karɓo shaida. Da ta fahimci abin da ya jawo mini, dariyar ta tsaya. Tun ranar ba ta iya haɗa ido da ni. Jiya bayan azahar ta kira ni ɗakinta ta ce in yafe mata. Uwata, ranka ya daɗe, tana neman gafarata.

Ba kare al'adar nake ba. Na karanta cewa likitoci suna hana ta, kuma ƙannena ba a yi musu ba. Amma wanda bai san abu ba, ba za a ce ya ɓoye shi ba.

Don haka ina roƙon a sa likitan maƙogwaro ya sake duba ni. In ya ce rashin belu zai cutar da numfashina a sama, ko ya jefa wani cikin haɗari, na sallama, don na ga yadda kuke tattalin rai. Ina kuma roƙon a goge maganar ɓoyewa daga kan sunana, ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Sannan a riƙa tambayar 'yan wannan yanki kai tsaye ko wanzami ya taɓa yi musu aiki, a ba su dama su tambayi iyayensu. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne a layin nan.

Ko wane hukunci kuka yanke, a ba ni shi a sarari, yadda zan iya zama gaban mahaifiyata in faɗa mata gaskiya, ko dai an kira ni, ko kuma in ce mata likita ya duba, wannan ne dalili, kuma ba za a ƙara kiran ɗanta maƙaryaci ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare matuƙanku a tashi da sauka, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.

Wassalam.

Mu'azzam,
Kawo, Kaduna.