Hannu Mai Zafi a Kwaɓin Sikon

Asabar, 4 ga Maris

Likita ya faɗa jiya ba kwana-kwana: in Direba ya ƙara ramewa kafin awo na gaba, ranar ashirin da ɗaya ga wata, za su dakatar da maganin ciwon dajin, don jikinsa ba zai ɗauka ba. Ni ya kalla da yake faɗa, kamar ni na cinye naman mijina.

Da safe amai, da rana barci, da yamma ɗacin baki. Da hantsi kaɗai cikinsa ke lafawa, shi ma na ɗan lokaci. Abin da bai shiga a nan ba sai gobe. Don haka mun daina karin kumallo, mun daina abincin rana, mun haɗe su a tsakiya.

Yau na tambaye shi me yake marmari. Ya daɗe yana kallon silin, ya ce sikon. Na ce me? Wai wani ɗan burodi ne mai gishiri, da cuku da albasa a ciki, da yake ci a wani shagon shayi na bakin hanya zamanin da yake tuƙa babbar mota. "Rugurgujewa yake a baki, Mai burodi. Ba irin naki mai jan haƙori ba."

Shekara ashirin da ɗoriya ina kwaɓi a gidan burodi kafin in ajiye, yau an ce nawa na jan haƙori. Na haɗiye, tunda dai ya nemi wani abu da bakinsa.

Lahadi, 5 ga Maris

Na kira 'yarmu Auta. Ta turo mini bidiyo a waya, wata mata mai farce kamar cokali tana koyarwa. Fulawa, gishiri, bekin fauda, bota, cuku, albasa mai lawashi, masoro, madara. Babu yis. Auta ta yi ta nanatawa, "Mama, botar ta zama mai sanyi ƙarara, kuma kada ki murza kwaɓin, haɗawa kawai ake yi." Na ce yarinya, tun kafin ki yi haƙori nake wannan sana'a.

Kwaɓin da ba a murza ba ai ƙazanta ce. Na murza shi har ya yi santsi, na yanka da bakin kofi, na sa a obin. Suka fito a kwance, a tauri. Direba ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a gefen faranti, ya ce zai yi kyau a tokare taya a gangara. Ya gutsiri gefe, ya ajiye.

Na shiga kicin na rufe ƙofa.

Laraba, 8 ga Maris

Sau uku ke nan. Duwatsu.

Alhamis, 9 ga Maris

Na bi maganar Auta da matar bidiyon yau, na rantse na bi. Na fito da bota daga firiji, na yayyanka ƙanana, na sa yatsu ina mutsuttsuka ta da fulawa. Kafin in kai rabi ta narke, ta zama mai a tafin hannuna. Hannuna zafi gare shi, tun a gidan burodi ake faɗa, kwaɓina ya fi na kowa saurin tashi. Abin da aka yabe ni a kai ke nan shekara da shekaru.

Sannan da na zuba madara, ban san lokacin da gindin tafina ya shiga kwaɓin ba. Tura, naɗe, juya. Sai da na ga ya yi santsi na farga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe.

Ya ci rabin ɗaya don kada in ji haushi. Ina tsaye a kansa, ina bin kowace loma da ido har maƙogwaro. Ya ce, "Zauna mana, kin tsare ni kamar ɗan sandan hanya." Ban zauna ba.

Asabar, 11 ga Maris

Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Rediyo, ta leƙo. Ta ci biyu da shayi, ta ce ai da daɗi in an jiƙa. Sannan ta zauna ta lissafa mini mutanen da ta sani da irin wannan ciwo ya tafi da su, ɗaya bayan ɗaya, har da kawun mijinta da ya rame "kamar tsinken tsintsiya". Direba na ɗaki, ƙofa a buɗe.

Na juye mata sauran a leda na raka ta har waje. Allah Ya sa su karya mata haƙori.

Litinin, 13 ga Maris

Na ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa, ba tare da ya gani ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ba na bukatar sikelin asibiti ya gaya mini.

Tsoro nake ji. Na rubuta a nan tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Auta na da tsohon ciki, in na faɗa mata za ta kamo hanya, likitanta kuma ya hana ta doguwar tafiya. A waya ina ce mata Babanta na samun sauƙi, har ina yi mata dariya.

Laraba, 15 ga Maris

Na tsoma hannuna a ruwan ƙanƙara har ya yi ciwo, na goge, na fara. Minti kaɗan zafin ya dawo. Na gwada cokali mai yatsu, botar ta dunƙule wuri ɗaya. Wuta ta ɗauke, abin da ke firiji ya saki jiki.

Ban gasa komai ba yau. Ya sha ruwan shayi, shi ke nan.

Alhamis, 16 ga Maris

Mun yi faɗa, in za a kira shi faɗa, tunda ni kaɗai ke ɗaga murya. Na kawo masa, ya kalla, ya kau da kai. Ya ce, "Bar shi kawai, kin gaji." Wannan "bar shi kawai" ce ta ƙona mini rai. Na ce in bar me? In bar ka ka narke a kan kujera ina kallo? Kai ka ce sikon, ga sikon, ka ci ko dutse ne! Ya ce ba haka na shagon yake ba. Na ce to tashi ka je shagon.

Mutumin da ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango.

Na koma kicin ina huci, na auna sabuwar fulawa, na zuba bota, na ɗauko kwanon gaba ɗaya na dangwara masa a cinya. Na ce tunda kai ka san yadda yake, bismillah.

Na zaci zai ture. Sai ya naɗe hannun riga, ya sa yatsu. A hankali, kamar mai tsince shinkafa. Na kai hannu in gyara masa kwanon, na taɓa bayan hannunsa. Sanyi kamar an fito da shi daga firiji. Kullum ina taɓa goshinsa, ina taɓa kafaɗarsa, ban san rabon da in riƙe hannunsa ba.

Botar ba ta narke ba. Ta bi fulawar ta zama ɓarɓashi, tsaf yadda matar bidiyon ta nuna. Na zuba cuku da albasa, na tsiyaya madara, ya tattara kwaɓin wuri ɗaya. Murzawa kuwa ko ya so ba shi da ƙarfinta. Ya miƙo mini wani abu mai ƙuraje, duk tsaga, wanda da a gidan burodi ne da an kori mutum a kansa. Na danne zuciyata na yanka haka nan.

Suka tashi. Wallahi suka tashi, suka tsage a gefe, samansu ya yi ja. Na ɓare ɗaya, tururi ya fito, cikinsa hawa-hawa.

Ya ci ɗaya da rabi. Ya ce, "Ba shi ba ne, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Ya kamata in yi murna. Na tsaya gaban obin ina kuka, don na san dalilin tashinsu. Jininsa ne ya yi ƙasa, ƙarfinsa ne ya ƙare. Abin da ke cinye mini shi, shi ne ya gyara kwaɓin.

Juma'a, 17 ga Maris

Ɗaya da rabi.

Asabar, 18 ga Maris

Biyu! Ya nemi ƙarin masoro. Na kira Auta na gaya mata, wannan karon ba ƙarya.

Yanzu tsarin ke nan. In amai ya lafa, in kawo masa kwano a falo, in shimfiɗa masa tawul a cinya. Shi bota, ni yankan albasa da gogar cuku da obin. Ya fara yi mini iyayi, wai ni karen mota ce, shi ne mai sitiyari. In na miƙa hannu wajen kwaɓin sai ya buge shi. "Cire wannan murhun naki."

Lahadi, 19 ga Maris

Ya ci ɗaya, ya dawo da shi duka. Na wanke bokiti, na wanke tawul. Na sake kawo masa wani, ya ce don Allah. Na ce saura kwana biyu awo. Ya ce don Allah, Mai burodi. Na tsaya da farantin a hannu har ya rufe ido.

Wace irin mace ce ni? Mutum na roƙona.

Talata, 21 ga Maris

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa masa riga mai kauri, na bar masa makullai a aljihu, nas ta ce ya cire takalmi da duk abin da ke aljihun. Ya hau. Ban kalli sikelin ba, fuskarta na kalla, ta ishe ni.

Likita ya yi magana mai tsawo. Abin da na riƙe: an tsayar da maganin. Za a ba shi na rage zafi. Ya ci abin da yake so, lokacin da yake so. In jiki ya dawo za a sake dubawa. Da ya ce "in", takardar gabansa yake kallo.

A motar haya Direba ya yi ta gyara wa mai motar tuƙi, wai yana cin kulochi. Ni ko kallon titi ban iya ba.

Laraba, 22 ga Maris

Ban kunna obin ba. Don me?

Alhamis, 23 ga Maris

Na gaya wa Auta gaskiya. Ta yi kuka, ta ce me ya sa na ɓoye. Mijinta zai kawo ta ranar Lahadi, a hankali, suna tsayawa a hanya.

Da hantsi Direba ya kira ni, ya ce ina kwanonsa. Na ce an gama wannan, ba awo kuma. Ya ce shi ba don sikeli yake yi ba. Sai ya ce in zauna zai gaya mini wani abu, kada in yi faɗa. Wai tun watan jiya ba ya jin ɗanɗanon komai. Gishiri, masoro, cuku, duk kamar yana tauna kwali. Na ce to "uwarsu ɗaya ubansu ɗaya" fa? Ya ce da ido ya gane. Na ce to me ya sa ka ce sikon tun farko? Ya ce, "Na ga kin rasa abin duka, na ce gara fulawa da ni."

Na so in yi fushi, na neme shi ban samu ba. Duk wannan tsayuwa da nake yi a kansa, ashe kwali yake haɗiya saboda ni.

Ya ce amma aikin botar yana so. Shi ne abu ɗaya da ya rage da hannunsa ke yi a gidan nan ya fito daidai.

Ban kawo kwanon ba. Na ce gobe.

Juma'a, 24 ga Maris

Ban kawo ba.

Asabar, 25 ga Maris

Botar da cukun in an bar su za su lalace, shi ya sa na kawo kwanon. Ba wani abu ba.

Ya daɗe a kan kwaɓin yau fiye da kullum, yana hutawa a tsakani. Na bar shi. Na jawo ƙaramin teburi kusa da taga inda rana ke shigowa, na dafa shayi, na kawo su da zafinsu. Ƙafata na ciwo, sai na zauna. Ya ɓare ɗaya ya miƙo mini, ya ce in ci in gaya masa yadda yake, tunda ni ke da harshe. Na ci. Na ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, albasar ta yi zaƙi, gefen da cuku ya ƙone ya fi ko'ina daɗi. Ya ce a shagon ma gefen ake rububi. Daga nan ya shiga labarin mai shagon, da wata tayar da ta fashe masa a kan gada, labarin da na ji har na haddace. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na ci uku, ni da rabona da cin abin kirki tun ranar da likita ya kalle ni.

Gobe za mu yi da yawa saboda Auta. Ya ce kada in gaya mata shi ke kwaɓawa, sai ta yaba tukuna.

Na zo rubuta nawa ya ci, na ga ban sani ba. Ban duba ba. Mantuwa ce, ina jin.