Hoton Surukina a Teburin Matattu

Goggo Amparo, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna.

Ni mayyar karatun labarai ce, sau nawa wake yana ƙonewa ina riƙe da littafi. Watan jiya na karanta wani a kan gida irin namu: uwa ta rasu, kowa ya kama bakinsa, sai da suka shirya mata teburin tunawa sannan suka iya kuka tare. Na sha hawaye, kamar gidanmu aka leƙa. Wata takwas da rasuwar surukata, Doña Hortensia, mijina Efraín ko sunanta bai ƙara ambata ba.

Da Ranar Matattu ta matso, wato biyu ga wata mai kamawa, ranar da dangin mijina suke tuna mamatansu, na shirya tebur a falo: furanni ruwan ɗorawa, kyandir, burodi mai sukari, da hoton da na fi so, na ranar aurenta. To, surukina Don Eusebio yana tsaye gefenta a hoton, kuma yana nan da ransa. Gidan iyayena ba a wannan al'ada, ban san ba a sa mai rai ba.

Ƙanwar mijina, Maribel, tana gani ta ce wato kiran mutuwa nake yi wa babansu, in bari ya ƙarasa maganin hawan jininsa tukuna. Ta rantse ba mai taka gidana ran biyu ga wata. Da safe kuwa na tarar Efraín ya ajiye kofi mai kirfa gaban hoton, yadda uwarsa take sha. In kwashe teburin ne, ko in yanke tsohon da almakashi?

Mai Dogon Mafarki, Laredo

'Yata, ajiye almakashin nan. Ba ke za ki raba su ba.

Maribel ta yi kaushin baki, amma tsoro ne. Ta binne uwa, ko da wasa ba ta so a haɗa ubanta da kabari. Ba ta haƙuri a taƙaice. Ke ma ba mugunta kika yi ba. Littafin ya nuna miki tebur, bai faɗa miki ƙa'idarsa ba.

Efraín kuwa, kada ki matsa masa ya yi kukan littafi. Wanda ya kai wa uwarsa kofi ya fara nasa.

Cire hoton yau. Ki je wurin Don Eusebio da ƙafarki, ki roƙe shi ya zaɓo wanda take ita kaɗai. Ko zai yi awa biyu yana ba ki labarin kowanne, ki zauna ki saurara. Wanda ya zaɓi hoto zai zo ya ga inda aka ajiye shi, 'yarsa kuma ba za ta bar shi ya zo shi kaɗai ba.

Allah ya ji ƙanta, ya cika miki falo ran biyu ga wata.

Goggo Amparo