Bisimilla a Littafin Giya

Laraba, bayan isha'i

Na dawo daga McLeansville, garin da nake aiki. Ban ci komai ba, ba na kuma jin yunwa.

Mista Warren, tsohon da nake jinya, hannunsa ya daina riƙe biro. Shekara da shekaru yana rubuta duk giyar da ya ɗanɗana a wani littafi. Yau 'yarsa ta kawo masa kwalabe biyu na Faransa, ja da fara. Ita ta zuba masa, don tun farko na ce ba na taɓawa. Sai ya roƙe ni in rubuta masa kawai. Na ce a raina ai rubutu ba sha ba ne.

Ya kurɓi jar, ya lumshe ido, wai tana ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama. Farar kuma wai lemun tsami da man shanu. Ina ta rubutawa. Sai da shafi ya cika na ga abin da hannuna ya yi a sama: bisimilla da larabci, yadda Malam ya sabar mana tun a allo. Sunan Allah a kan bayanin giya.

Na ce zan cire shafin. Ya dafe littafin, ya ce, "A'a, Rabi, bar min. Wataƙila shi ne na ƙarshe."

Na saki shafin.

Na yi istigfari, amma bakina kaɗai ke motsi. Gobe ƙarfe bakwai zan koma. Na sa almakashi a jaka, ban sani ba ko zan iya fito da shi.