Fankar Hitar Pijo da Notoci Huɗu

Ni Dzarma, tsohon direba, mazaunin Jiddari Polo a Maiduguri, na rubuta wannan da hannuna a watan Oktoban 2017, hankalina kuma garau yake. Na faɗi haka ne saboda ke Agnes, don na ji kina gaya wa likita wai Baba ya fara ruɗewa, ba shi da zance sai na fankar mota. Jikina ne ya gaji, ba kaina ba. Likita bai ɓoye mini ba, da wuya in ga Kirsimeti. To ku karanta da kyau, ke da yayyenki, Yoila da Peter.

1. Gidan nan da na gina tun ina aiki, na Mamanku Phebe ne, har ranar da Ubangiji zai kira ta. Littafina Mai Tsarki da rediyo na Agnes ne. Waɗannan ba rigima a kansu, ba zan ɓata tawada ba.

2. Sai Pijo 504, inda kuka ishe ni. Shekara biyu ke nan hitarta, wato abin ɗumama cikin motar, ba ta busa iska, shekara biyu kuma Yoila da Peter ba sa gaisawa. Maza da gemu, a coci ɗaya, wannan ya zauna gabas wancan yamma! Bari in rubuta yadda aka yi, kowa ya daina gyara labarin.

Ƙara kawai fankar ta fara, burushinta ne ya cinye, aikin rabin awa. Kai Yoila ka kai motar wurin wani makanike, ya bushe da dariya, wai wa ke neman hita a Maiduguri, garin da ƙwai zai dahu a kan bonet. Ka biye masa. Ya cire fankar, ya toshe tiyon ruwan zafi da guntun sanda, kuka wurgar da fankar a bola. Ko tambayata ba ka yi ba. Kai kuma Peter, don ka nuna ka fi yayanka wayo, ka sayo wata ka ɗaura kai kaɗai, ka juya wayoyin. Fis, mai katse wuta idan ta yi yawa, ya ƙone, maimakon ka tsaya sai ka ɗaure shi da zaren waya. Hayaƙi ya turnuƙe dashbod, makunni ya narke. Tun ranar kowa ke cewa ɗan'uwansa ne ya lalata motar Baba. Ku biyun ne. Na gama shari'a, kada in ji an ɗaukaka ƙara.

3. Ba ku san abin da kuka taɓa ba, don ba kwa cikin motar. Safiyar da muka gudo daga ƙauye a tudun Biu, Disambar 2014, mu tara ne a ciki, tagogi a rufe, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Numfashinmu ya lulluɓe gilashin gaba, ko bonet ba na gani, ga harbi a bayanmu. Fankar nan ce ta buɗe mini hanya. Ita ce kuma ta ɗumama ƙafafun Mamanku, waɗanda sanyin ƙashi ke riƙewa har ta kasa takawa.

Tun daga ranar Mamanku ba ta yarda da kowace mota sai wannan, kun sani. Na yi mata alkawari zan mai da ita ta ga gidanta da kabarin mahaifiyarta da Kirsimeti. Sau biyu ina ɗagawa saboda shirmenku, tana cewa ba komai, alhali ina ganin jakarta a ɗaure a bayan ƙofa. Hanyar Damboa ba ta biyuwa, sai an zaga ta Damaturu, a tashi da sassafe cikin sanyi. Ga shingayen sojoji, waɗanda ba sa wasa da motar da tururi ya rufe gilasanta har ba su ga fuskokin cikinta ba. Yanzu kun gane ko da saura?

4. Motar ta Yoila ce, da takardunta. Sabuwar fanka da makunni suna kwali a ƙarƙashin gadona, na Peter ne. Malam Hamisu mai gyaran wayoyin mota na unguwar Mafoni ya gwada mini ita a batir, tana juyawa lafiya lau. Na roƙe shi kada ya ɗaura wa kowa, ya ce ya ji, shi kuwa ba ya magana biyu. Notoci huɗu da ke riƙe fankar suna ƙulle a bakin zanin Mamanku. Ba za ta kwance ba sai kun zo mata tare, kun ci tuwo a kwano ɗaya. Na san ana sayar da noti a kasuwa. Wanda ya sayo, ya sani maganata ya tsallake.

5. Ga yadda ake yi. A fara cire kan batir. Peter, da kai nake. Ɗaya ya kwanta rigingine ƙarƙashin dashbod, ɗaya ya riƙe tocila ya tallafe fankar har a ɗaure notocin. Jar waya ta tafi ga ja. A sa fis na gaske. Yoila, ka zare sandar nan taka daga tiyo da hannunka, ka cika lagireto. Mutum ɗaya ba ya iya aikin nan daidai. Na gwada a watan jiya, shi ne Agnes ta tarar da ni kwance a ƙasan mota na kasa tashi, ta ce na ruɗe. Ban ruɗe ba, 'yata. Mai riƙe mini tocila na rasa, ga 'ya'ya maza biyu a gari ɗaya.

6. Agnes, ke ce shaida. Ki sa hannunki a bakin hitar, sai kin ji iska mai ɗumi za ki ce an gama. Kada ki yarda da "ai ta kusa".

Na yafe muku ɓacin ran da kuka sa ni, da gaske nake, ko da yake har yanzu idan na tuna guntun sandar nan sai raina ya tashi. Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya tsare ku a hanya, ya dawo mana da salama a Borno. Ku riƙe juna, ku riƙe ƙanwarku. Ranar tafiya ku yi karɓa-karɓar sitiyari, Mamanku a kujerar gaba, hita a kan ƙafafunta. Inda za ni ba a jin sanyi. Ita kam za ta ji.

Mahaifinku,
Dzarma