Igiyar Bazawara

Alhamis, 9 ga Mayu

Sati uku ke nan Umma na wurina a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, a Ingila, kuma waya ba ta bar kunnenta ba. Da an kira sai ta shige kicin ta ja ƙofa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Yau na leƙa sunan: "Mai Gyaran Famfo". Famfon gidanmu na Kano bai taɓa ba kowa dariya haka ba.

Shekara huɗu da rasuwar Abba. Ni dai burina ta zauna nan tare da ni, ɗaki ma na gyara mata.

Asabar, 11 ga Mayu

Ƙanena Taufiq ya matsa sai mun je Manchester. Daga ɗakinsa na Hulme ya kwashe mu zuwa wata tsohuwar unguwar Kiristoci da ake kira 'yan Morabiya, an mayar da ita gidan tarihi. Ma'aikatan suna shigar mutanen da, suna gasa burodi, suna saƙa. Sau biyu na gaya wa Umma wasan kwaikwayo ne. Duk da haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya da "sannu da aiki". Ta ga wata na kaɗi tana ta tsinka zare, haƙuri ya ƙare, ta karɓe mazarin ta zauna. Turawa suka taru suna ɗaukarta hoto, sun zaci ita ma ma'aikaciya ce. Da ta ga ƙofar maza daban ta mata daban, ta ce, "Waɗannan ai kalmar shahada kawai ta rage musu."

Sai ɗakin huluna, inda asirina ya tonu. Wata dattijuwa mai yi mana bayani ta ce matansu na da, igiyar hularsu ke faɗin matsayinsu: ja ta yarinya, ruwan hoda ta budurwa, shuɗiya ta matar aure, fara ta wadda mijinta ya mutu. Ta tambayi wacce za a ɗaura wa Umma a yi hoto. Ban fassara ba, na yi caraf na ce fara.

"Me kika zaɓa min?" in ji Umma. Na faɗa.

"Wannan ta mai takaba ce. Ni wata huɗu da kwana goma na yi na fita. Tambayar min ta bazawara."

Ni da nake yi wa marasa lafiya bayani da Turanci kullum, na rasa kalmar. Taufiq ya ce wa matar, "Widow ce, but available." Na taka masa ƙafa da dukkan ƙarfina. Matar ta duba kwandonta da gaske, ta ba da haƙuri, babu irin wannan.

Umma ta ɗauki fara da ruwan hoda ta ƙulla su wuri ɗaya. "Mutanen kirki ne, amma ba su gama tunani ba." Tana gyara hular a kan hijabinta, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Sunansa Malam Falalu. Bayan Babbar Sallah ne ɗaurin auren."

Ashe Taufiq ya sani tun azumi, munafuki.

Lahadi, 12 ga Mayu

Daga Manchester har Birmingham tagar jirgin ƙasa na zuba wa ido. Umma kuwa gyaɗarta take ci. Kishi nake taya Abba, gaskiya ke nan. Kuma tsoro nake ji in je Kano in yi sallama a gidan da ban san inda ake ajiye tsintsiya ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na yi wa Umma maganar zama nan. Ta ce, "Firdausi, ke kina fita bakwai ki dawo bakwai. Da hitar ɗumama ɗaki zan yi hira?"

Juma'a, 17 ga Mayu

Malam Falalu ya kira Umma muna kicin, ta miƙo min wayar ta tsare ƙofa. Na shirya gaisuwa mai sanyi, kalma uku. Sai ya fara da yi wa Abba addu'a, ya ce a sahu ɗaya suka yi sallah shekara ashirin. Ya ce bai zo maye gurbin kowa ba, shayi dai yake so ya riƙa sha da wani.

Ban ce na yarda ba. Sai da na ajiye wayar na ga ashe a durƙushe nake, gaban firij, tun daga sallama. Umma ta ga komai. Na ce mata cokali ne ya faɗi nake nema.